Yadda Ake Daidaita Jadawali da Faɗin Takarda

A ƙarshen zangon karatu, shagunan buga takardu na titin Bauchi, kusa da Jami'ar Jos, da waɗanda ke wajen Terminus, sukan cika kwandon shara da takardun da aka ɓata a banza. Malami ya kawo jadawalin sakamakon jarrabawa da ya shirya da manhajar Excel a filasha, an danna bugawa, sai sunayen ɗalibai su fito a shafi ɗaya, jimillar maki da matsayi su faɗa shafi na biyu. Kuɗin takarda ya tafi, ga janareto yana shan mai, mai shago da malam kowa na ganin laifin ɗan'uwansa.

Asalin matsalar ita ce Excel, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 1985, bai san da zaman takarda ba. Word tun farko shafi yake shimfiɗa maka. Shi kuwa Excel fili ne fetal, layukan kwance 1,048,576, na tsaye 16,384, sai ka gaya masa inda iyakarka take.

Mu fara da gidajen da ake zuba rubutu. Faɗin layin tsaye da yawan lambobin da zai ɗauka ake auna shi, kuma yakan zo a kan 8.43. Tsayin layin kwance ma'auninsa daban ne, na masu ɗab'i, wanda 72 ke ba da inci ɗaya. Shi ya sa in ka sa 20 a faɗi, 20 a tsayi, gidan ba zai fito daidai-wa-daida ba. Mai son aiki da santimita sai ya koma kallon Page Layout, a nan ma'aunin biyu suke zama ɗaya. Idan kuma ka ga ##### a gidan jimilla, kada hankalinka ya tashi, lissafinka na nan, gidan ne ya yi wa lambar kaɗan. Kai linzami bakin layin daga sama ka danna sau biyu, zai buɗe da kansa. Dogon bayanin malamin aji kuwa Wrap Text za ka sa masa ya naɗe zuwa ƙasa, ya daina cin faɗi.

Sai takardar kanta. Wadda ake sayarwa a Jos A4 ce, milimita 210 a faɗi, 297 a tsayi. Amma kwamfutoci da yawa, musamman na hannu da aka shigo da su daga Amurka, a kan takardar Letter aka saita su, mai 216 da 279. Ta fi tamu faɗi, ta kasa ta tsayi. Duba wannan kafin komai.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen matse jadawali. Akwai zaɓin da ke cusa aikin gaba ɗaya cikin shafi guda, kuma masu gaggawa na son sa. Jadawalin ɗalibai tamanin da darussa goma sha biyu in aka yi masa haka, rubutun kan koma kamar tururuwa, uban da ya zo duba sakamakon ɗansa ya kasa bambanta 38 da 88. A ganina wannan zalunci ne ga mai karatu. Abin da ya dace, a kwantar da takardar, faɗinta ya zama 297. A rage gidajen maki, tunda lamba uku kawai suke ɗauka, faɗin 5 ya ishe su, sunayen darussa kuma a miƙe su tsaye. Sannan a ce faɗi ya tsaya a shafi ɗaya, tsayi kuwa a bar shi ya tafi shafi biyu ko uku. Ta Print Titles ake sa kanun jadawalin ya maimaitu a saman kowane shafi. In duk da haka matsewar ta yi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, gara a raba jadawalin biyu.

Kafin ka bar gida danna Ctrl da P ka ga yadda shafukan za su fito. In sun yi maka, mayar da aikin PDF, domin kwamfutar shagon tana iya rasa irin haruffan da ka yi amfani da su, ta sake watsa maka shafukan. PDF ɗin za ka miƙa wa mai shago, kuma ka ce ya fara buga shafi ɗaya ka gani tukuna.