Me Ya Sa Manhajarka Ke Tsayawa Cak a Ƙaramar Na'ura?

Ka rubuta manhaja, ta yi aiki lafiya lau a kwamfutarka, amma da ka ɗora ta kan Raspberry Pi Pico sai ta ƙame. Sau da yawa matsalar daga adireshin ma'adanar bayanai take.

Ƙwaƙwalwar Pico, wato Cortex-M0+, ba ta ɗauko lamba mai bayit 4 sai daga adireshin da 4 ke rabawa ba saura. Ka aike ta adireshi irin 1001, nan take za ta faɗa HardFault. Ƙwaƙwalwar Intel kuwa ɗaukowa take ba gardama, shi ya sa kuskuren ke ɓuya.

Don haka in ta tsaya, binciki adireshin da ta nema na ƙarshe. In bai rabu da 4 ba, ka kama ɓarawon. Kwafi bayanan da memcpy zuwa mazaunin da ya daidaita, sannan ka karanta.