Takardar Shaidar Lafiya da Tukunyar Mai Tuwo

Duk wanda ya tashi a biranen ƙasar Hausa ya ji labarin duba-gari, ma'aikacin nan na zamanin En'e, wanda in aka ce ga shi ya shigo unguwa sai mata su yi ta rige-rigen ɗauraye randuna, domin kada ya leƙa ya ga ƙwari a ruwa ya kai maigida gaban alƙali. A yau aikinsa ya koma kan masu sayar da abinci, har ya zama gidan burodi, ko otal, ko masana'antar ruwan leda, ba su da ikon buɗe ƙofa bisa ƙa'ida sai da lasisi, ma'aikatansu kuma sai an auna jininsu da bayan gidansu, galibi duk wata shida, an ba su takardar shaidar lafiya.

Sabubban wannan tsanantawa ba ɓoyayyu ba ne. Birane sun cika sun batse, ɗan kasuwa da leburan da a da ake aiko musu da akushi daga gida yanzu a bakin titi suke karyawa, ta yadda tukunya guda takan ciyar da mutanen da ba su san juna ba, in kuwa ta gurɓata, musibar ta watsu unguwa-unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci kowace shekara, 420,000 su mutu, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora kula da gidajen abinci, da na burodi, da mahauta a wuyan ƙananan hukumomi, alhali abincin da ake ƙunshewa a masana'anta yana hannun hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Akwai kuma sababin da ba a cika ambata ba, shi ne kuɗin shiga, domin kowace takarda da kuɗinta.

Ba na musun fa'idar da aka samu, domin mai burodin da ya san za a iya rufe masa gida ba zai yi gaggawar zuba sinadarin kumburi da aka haramta ba, kuma awon bayan gida yakan tona asirin taifot a jikin wanda ke ɗauke da ita yana yawo garau. Amma abin da ya auku a Kano daga Maris zuwa Afrilun 2021 ya isa ya sa mai hankali ya dakata ya yi nazari. An sayar da wani gurɓataccen sinadari da sunan ɗan tsami, aka haɗa abin sha da shi, har Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta bayyana cewa mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta a asibiti. Matar da ke haɗa zoɓo a tsakar gidanta, ta aiki yaro kasuwa ya awo mata farin gari a ƙullin leda wanda babu suna babu kwanan wata a jikinsa, ba ha'inci ta nufa ba, 'ya'yanta ma daga wannan robar suke sha. Abin da ta rasa shi ne wanda zai zauna da ita ya gaya mata, da harshen da take ji, cewa irin wannan ƙullin ba abin yarda ba ne.

A nan aibin tsarin yake a ganina: an fifita takarda a kan ilimi. Takarda tana shaida cewa ranar da aka auna mutum lafiyarsa ƙalau, amma ba ta koya wa mai shayi cewa ruwan bokitin da yake tsoma kofuna tun asuba ya zama abin gudu kafin hantsi, ba ta kuma sanar da mai shinkafa cewa dafaffen abincin da ya huce ya haura awa biyu a zafin bazara yana iya cutarwa ko da an sake tafasa shi. Kuma da yake kuɗin awo yana yi wa mai ƙaramin jari nauyi, sai ya gwammace ya ɓuya in ya hango malamin tsafta, wanda ya kamata ya zame masa mai nasiha.

Magabatanmu ba su jahilci wannan babi ba, domin malaman fiƙihu sun yi bayanin hisba, aikin muhtasibi mai lura da mudu da ingancin abin sayarwa, kuma asalinsa umarni da kyakkyawa ne kafin a kai ga horo. Har yanzu muna da sarkin pawa, da shugabannin 'yan kasuwa, da makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda maganarsu ke shiga inda ta ma'aikaci ba ta kaiwa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomi su rage kuɗin awo ga masu ƙaramin jari, su sharɗanta cewa ba za a miƙa wa kowa takarda ba sai ya zauna darasi na yini guda da Hausa, su kuma kai darasin nan har cikin gidaje ta hannun malamai mata, tun kafin zafin bana ya kama.