Sunan jariri a bakin mutane: abin da za a bari da abin da za a gyara tun da wuri

Duk mai zuwa zanen suna a Dogon Dutsi, ko Matankari, ko Tibiri, ko Kore Mairuwa, ya san sunaye sun canza a ƴan shekarun nan. A da liman zai ce Amadu ko Hadiza, kowa ya shafa fatiha ya tashi. Yau sai a ji an ce Khairat, ko Ghufran, ko Ridwan, ko Abdul-Khaliƙ, tsofaffi su dubi juna suna tambaya, "Wa aka ce?" Iyaye matasa na samo sunayen nan daga littattafai, daga wa'azin da suke saurare a salula, wasu kuma daga fina-finan Larabawa da na Turkiyya. Kafin a gama rabon goro da dabino sunan ya rabu gida uku: yadda liman ya faɗa daban, yadda sanƙira ya ɗaga murya ya sanar daban, yadda ya isa cikin gida wajen mata kuma daban.

Abin na ɓata wa iyaye rai, musamman mai jego, wadda ta yi wata tara tana ajiye da sunan a zuci. Muna ganin suna da hujja, amma ba kowace karkatar harshe ba ce ta cancanci a tayar da jijiyar wuya a kanta. Akwai wadda gadonmu ce. Akwai wadda ke juya ma'ana. Akwai kuma wadda ke hawa takarda ta bi yaro har tsufansa, kuma ita ce aka fi yi wa sakaci.

Mu fara da gadon. Harshen Hausa ba shi da wasu sautuka na Larabci, kuma tun zuwan Musulunci yake lanƙwasa sunayen Larabawa su zauna daidai a bakinsa. Hadiza ai Khadija ce. Halidu Khalid ne. Usumanu da Suwaiba da harafin "tha" suke a Larabci, Mu'azu kuma da "dhal". Harafin da almajirai ke kira "lodi" shi ya ba mu Ramalan da Murtala da alƙali, shi ne kuma ya mayar da Ridwan ya zama Rilwanu. Ke nan uban da ya sa wa ɗansa Ridwan yana jin ya zo da sabon abu, sunan da kakanninsa suka sani ne ya dawo da wata riga. Ko tsakanin Hausawa ma ba a daidaita ba: Tahir na Larabawa a Kano Ɗahiru ne, mu nan yamma Tsahiru muke cewa, su ce Ɗalha, mu ce Tsalha. Yusuf ya zama Isuhu a bakinmu, Faransanci ya rubuta shi Issoufou, har ƙasar nan ta yi shugaba mai wannan suna daga 2011 zuwa 2021, ba wanda ya ce an ɓata sunan Annabi Yusuf.

To, in kaka ta ce "Hairatu" maimakon Khairat, abin da kakanninmu suka yi wa Khadija shi ta yi. Ba raini ba ne. Dabarar da muka ga tana aiki ita ce a ɗaura sabon suna a jikin kalmar da mutum ya riga ya sani. Khairat da alheri tushensu ɗaya. Ghufran da gafara tushensu ɗaya. Suruka na iya cewa, "Inna, Khairat ne sunan, kamar dai a ce alherai." In ma'ana ta shiga kunne, suna ya samu wurin zama, ko da lafazin bai cika cif ba. Kuma kaka ba a gyara mata magana cikin taro. Ita da ma "angona" ko "kishiyata" za ta riƙa kira, wasan kaka da jika ya fi ƙarfin kowane ƙamus.

Inda ya kamata a tsaya a kula shi ne inda harafi ɗaya ke juya ma'ana. Khaliƙ, da ƙ mai lanƙwasa a ƙarshe, shi ne Mahalicci, don haka Abdul-Khaliƙ bawan Mahalicci ne. In Bahaushe ya ce Abdul-Haliƙu ya bi tsohuwar hanya, irin wadda ta ba mu kalmar halitta. Amma in ƙ ta faɗi aka ce "Halik", an faɗa kan wata kalmar Larabci mai nufin halakakke. Haka Asiya. Akwai Asiya matar Fir'auna, baiwar Allah da ake yabo. Akwai wata kalma da ake rubutawa da wasu haruffa daban a Larabci, mai nufin mai saɓo, kuma ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ya canza wa ƴar Sayyidina Umar wannan suna ya kira ta Jamila. A rubutun boko duka biyun kamarsu ɗaya. Mai tsintar suna daga jerin da aka turo masa a WhatsApp ba zai ga bambancin ba. Shi ya sa muke cewa kafin ranar suna a kai wa malami sunan, ya rubuta shi da Larabci, ya faɗi ma'anarsa. Malamai kuma sun daɗe suna jan kunne game da gutsure sunayen da suka fara da Abdu: a ce Abdu ko Audu babu laifi, amma kiran Abdurrahman da "Rahman" kawai, ba yaro sunan da na Allah ne shi kaɗai. Irin wannan in an ji, a gyara, ko wa ya faɗa, cikin ladabi.

Wani abin da iyaye matasa ke mantawa: a gidan Bahaushe sunan yanka ba shi kaɗai yake yawo ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ta hana. In an mayar wa yaro sunan kakansa, rabin gidan ba za su iya furta shi ba, sai a koma Abba, ko Baba, ko Ummi, ko Nana. Laƙabi dai sai an yi shi. In suna na da wuyar faɗa, gara iyaye su zaɓi gajeren da suke so tun cikin makon haihuwa su sake shi cikin gida, kafin ƴan unguwa su zaɓa musu. Wanda yaran lakwal za su ƙirƙiro ba lalle ya yi daɗi ba, kuma in ya kama ba ya saki. In kuwa abin ya koma tsokana, yaro na dawowa gida da kuka, wannan ba maganar lafazi ba ce kuma. A je a ga mushe. Aya ta 11 cikin Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, ba sai an yi dogon bayani ba.

Yanzu mu zo kan takarda, don nan ne kuskure ke da tsada.

Mu a Arewa mun fi kowa sanin abin da rubutun Faransanci ke yi wa suna. Garinmu kalma biyu ne, dogo da dutsi. Bature ya ji yadda bakinmu ke cewa "dutci", ya haɗe su ya rubuta Dogondoutchi. Lugu ta zama Lougou. Sarauniya Mangu, wadda ta tari sojojin Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, duniya ta san ta da "Sarraounia", har da yawa a waje sun ɗauka sunanta ke nan, alhali sarauta ce. Wannan rubutu shi ake cika rajistar haihuwa da shi, kuma ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ, ba shi da ƴ. Baƙo ya zama Bako. Ɗanladi ya zama Dan Ladi. Abdul-Khaliƙ ɗin da muka ambata, ƙ ɗinsa tun a teburin farko take faɗuwa. Sautin "sh" ana rubuta shi "ch", "c" ya zama "tch", "j" ya zama "dj" ko "di", "u" ya zama "ou".

Mu da muka tashi cikin wannan tsari mun iya karanta shi. Amma iyaka na nan kusa da mu, ƴanuwanmu na Kangiwa da Argungu da Sakkwato da ƙa'idar Ingilishi da ta Hausa suka yi karatu. Ɗauki Abarshi, sunan da ya cika Arewa, wanda akan sa wa yaron da aka haifa bayan ƴaƴa sun yi ta rasuwa, roƙo ne cewa a bar shi ya rayu. A takarda Abarchi ne. Ma'aikaci a Najeriya zai karanta "Abarci", kamar wanda ke kwance a barci. Shu'aibu ya zama Chaïbou, can a ce masa "Caibu". Shekarau, yaron da ya daɗe a ciki, ya zama Chékaraou. Nomau, ɗan lokacin noma, ya zama Nomao. Abin mamaki, waɗannan sunaye namu na gargajiya yanzu su ne suka fara zama baƙi a kunnen yaran birni, kamar yadda Ghufran ke baƙo a kunnen tsohuwa.

Sunan da aka saba da shi, ko ba komai ma'aikaci ya rubuta shi sau ɗari, hannunsa ya san hanya. Sabon suna ba shi da tsayayyen rubutu. Khairat na iya fitowa Haïrat a katin awon jariri na likita, Kaïratou a takardar haihuwa, Khayrat a rajistar lakwal. Ba wanda zai lura yarinya tana aji ɗaya. Ranar da za a lura ita ce ranar haɗa takardun jarrabawar BEPC ko BAC, ko neman katin ɗan ƙasa, ko fasfo na aikin hajji, ko karɓar kuɗin da aka aiko da sunan da bai dace da na kati ba. A nan ba a jin "ai mutum ɗaya ne". Harafi ake dubawa.

Dokar rajistar al'umma ta 1 ga watan Yuli 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, kuma bayyanawar kyauta ce. Ana iya yi a gidan likita inda aka haihu, ko a cibiyar bayyanawa ta ƙauye, daga nan takarda ta wuce ma'aikatar magajin gari. In kwanakin sun wuce sai an bi ta gaban alƙali. Kwana 60 sun isa a yi suna ranar bakwai, a huta, a je da natsuwa. Matsalar ita ce sau da yawa ba uban ke zuwa ba. Akan aiki ƙane ko maƙwabci, wanda shi kansa daga bakin sanƙira ya ji sunan. Shi ya faɗa yadda ya ji, ma'aikaci ya rubuta yadda ya ji, kuskure biyu sun hau kan juna.

Maganin ba shi da wuya. Uba da uwa su zauna su tsayar da rubutu ɗaya tak na Faransanci, in ba su yi boko ba su nemi wanda ya yi, a rubuta da manyan haruffa a ƴar takarda. Ita za a miƙa, ba baki ba. In an gama cikawa a ce, "Malam, don Allah a karanta mini yadda aka rubuta, harafi bayan harafi." Ba rashin kunya ba ne, kuma ma'aikaci na gari zai fi son haka da a dawo masa da ƙorafi bayan shekara goma. A duba har sunan uba da na uwa, don su ma in sun saɓa da abin da ke katinsu, yaron ne zai sha wahalar. Ranar sa yaro lakwal kuma a tafi da takardar haihuwar a ce daga ita za a kwafa. In an riga an yi kuskure a rajista, ba a goge shi da biro a gida, ba a kuma zuwa a yanki sabuwar takarda da wani suna; wannan sai ya haifi mutum biyu a jiki ɗaya. A koma inda aka yi takardar a nemi hanyar gyara, wadda galibi ta kotu take bi. Ya fi sauƙi yaro na goye da a jira sai yana da gemu.

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Hausar Nijar na da ƙa'idar rubutu da hukuma ta tsayar tun 1999, da haruffanta masu lanƙwasa duka, kuma salular da ke aljihun yawancinmu na iya buga su. Muna fatan wata rana Baƙo zai ga ƙ ɗinsa a takardar haihuwa. Kafin nan, masu kawo sanarwar zanen suna ko gaisuwa gidan rediyo, in sunan sabo ne ko mai harafin lanƙwasa, a rubuta shi da Hausa a gefen na Faransanci, a kuma faɗa wa wanda ya karɓi takardar da baki sau ɗaya kafin a tafi.