Ina aikin ɗalibi yake kwana idan an kashe kwamfuta?

Da yawa cikin 'yan uwa masu neman abinci a Agege, Sabon Ibadan ko Fatakwal kan tura kuɗi gida a buɗe ɗakin koyon kwamfuta, musamman tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. A ce kai ma ka buɗe irinsa a Miri, kan hanyar Jos a Bauchi: kwamfuta ashirin, ɗalibai tamanin. Yau yaro ya yi aiki a ta uku, gobe ya tarar wani ya riga shi zama. To ina aikin jiya? Yana can a ta uku, in ma ba a goge ba.

Maganin wannan shi ne uwar garke, wato kwamfuta ɗaya da ke riƙe da sunan kowa da kalmar sirrinsa. A cikinta ake ware wa kowane ɗalibi foldarsa. Duk kwamfutar da ya shiga da sunansa, foldar za ta bayyana masa, yawanci da harafin H.

In uwar garken Windows Server ce, ana buɗe bayanan ɗalibi a Active Directory, a je shafin Profile, a zaɓi H, sannan a rubuta \\uwa\dalibai\%USERNAME%. Windows da kansa zai maye gurbin wannan na ƙarshe da sunan ɗalibin, ya ƙirƙiri foldar. In kuwa Linux ce, akwai Samba, manhajar kyauta da Andrew Tridgell ya fara fitarwa a Ostareliya a 1992. A tsarinta na da, cikin fayil ɗin smb.conf ake cika logon drive da logon home. Daga Samba 4 ta 2012, in aka kafa ta a matsayin Active Directory, a bayanan kowane ɗalibi ake rubuta hanyar, kamar dai na Windows.

Abu uku za ka tambayi injiniyanka, ko ta waya ce. Na farko, foldojin suna kan faifai dabam da wanda Windows ko Linux ke kai? In tare suke, ranar da aka sake zuba manhaja aikin kowa na iya tafiya. Na biyu, ɗalibi zai iya buɗe foldar wani? Ka sa a gwada da sunaye biyu, a turo maka hoto ta WhatsApp. Na uku, ina ake ajiye kwafi? Yanzu ƙwan duk a kwando ɗaya suke, don haka dole uwar garke ta samu inbata saboda ɗauke wuta, a kuma riƙa kwafe foldojin a faifan waje ko da sau ɗaya ne a mako.

In ya ce komai lafiya lau, ka ce ya goge fayil ɗaya na gwaji, ya dawo da shi daga kwafin kana kan layi.