Murhu mai fanka: ina gaskiya, ina ji-ta-ji-ta?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin gas da kananzir suka yi ta hawa, gidaje da dama a Kaduna, daga Kawo zuwa Badarawa da Unguwar Dosa, suka koma wa gawayi. Ta nan murhu mai fanka ya samu shiga: kurfoti ne da aka maƙala wa 'yar fanka a gindi, da batir, da maɓallin murɗawa na ƙara iska ko rage ta. Akwai kuma wanda ba gawayi yake ci ba, sai ƙananan dunƙulen dusar katako da inji ya matse.

Wasu na cewa lantarki ne ke dafa abincin, har yana iya jan mutum. Ba haka ba ne. Fankar da bolt 5 ko 12 take aiki, irin wutar cajar waya ko batirin babur, kuma aikinta bai wuce na zugazugin maƙeri ba. Abin kula shi ne batirin, domin zafi na lalata shi, na lithiyam kuwa yana iya kumbura ko ya kama wuta.

Sai masu cewa in an murɗe maɓallin har ƙarshe an fi tsimin gawayi. Ruwa kam zai tafasa da wuri, amma gawayin ma da wuri zai cinye. Iska in ta yi yawa, zafin ta gefen tukunya yake tserewa, toka da tartsatsi su yi ta tashi. Masu ƙorafin yana ƙona gindin tukunya mara kauri, su kuwa sun yi gaskiya. Mai tuwo ta buɗe iska har ruwa ya tafasa, ta rage in ta yi talge, ta kai ta ƙasa sosai lokacin da tuwon ke turara.

Na dusar katako yana da nasa hali. Daga sama ake kunna shi. Iskar ƙasa na toya dunƙulen a hankali su saki gas, ta ƙananan hujojin da ke bakin murhun kuma ta ƙone gas ɗin, shi ya sa harshen wutar ke fita tsaf. Kashe fanka ana tsakiyar girki ba ya kashe wuta, hayaƙi ne kawai zai turnuƙe madafa. Dunƙulen da ya sha danshin damina shi ma sai hayaƙi, kuma laifin ba na fanka ba ne.

Maganar da ta fi damuna ita ce wai tunda murhu mai fanka ba ya hayaƙi, ana iya shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa a ji ɗumi da hunturu. Wannan ji-ta-ji-tar tana kisa. Garwashi na fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar da muke rayuwa da ita. Fankar nan cikin murhu take tura iska, ba ta fitar da komai waje. Murhunan ɗumama ɗaki da ake gani a bidiyon Turai da Amurka rufaffu ne, suna da bututun da ya huda bango ya kai gubar waje. Namu ba su da shi. Mai barci ba ya jin alamar gubar, sai dai a wayi gari a ɓalle ƙofa.

A yi girki a tsakar gida ko madafa mai taga a buɗe. In mutanen ɗaki guda suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci ɗaya alhali akwai garwashi kusa, a fitar da kowa sarari nan take, a wuce asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi.