Kafin Ka Cike Fom Ɗin Injiniyan Sinadarai

Duk manomin da ya taɓa sayen buhun takin Yuriya ya ga lamba 46 a jikinsa. Ma'anarta kashi 46 cikin ɗari na abin da ke cikin buhun naitirojin ne, wato sinadarin da ke sa masara ta yi kore shar. Wannan naitirojin daga iskar da muke shaƙa aka kamo shi, domin kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar shi ne. Sai dai masara ba ta iya cin sa kai tsaye daga iska, dole sai an ɗaure shi da wani sinadarin. A 1909 wani masanin kimiyya Bajamushe, Fritz Haber, ya yi nasarar haɗa shi da haidirojin ya samar da amoniya, a wata 'yar na'urar da ba ta fi a ɗora ta kan tebur ba. Abin da take fitarwa ɗigo ne, ko gona ɗaya ba zai isa ba.

Wanda ya mayar da ɗigon nan masana'anta shi ne Carl Bosch na kamfanin BASF. Haɗin yana bukatar zafin da ya haura digiri 400 da matsin iska mai tsananin gaske, ga shi kuma haidirojin na shiga jikin ƙarfe ya raunana shi har tukunyar ta tsage. Bosch ya sa aka shimfiɗa tattausan ƙarfe daga ciki, aka huda ƙananan ramuka a kakkauran ƙarfen waje domin iskar da ta kutsa ta sami mafita. A 1913 masana'antar Oppau ta fara aiki. Ɗalibin da ke son sanin bambancin masanin kemistiri da injiniyan sinadarai, to ya dubi mutanen nan biyu. Haber ya gano cewa abin zai yiwu. Bosch ya yi fama da ƙarfe da zafi da bututu da kuɗi har abin ya yiwu kullum, tan dubbai, ba tare da tukunyar ta tsage ba.

Na daɗe a kan wannan labari ne saboda yawancin yaranmu suna zaɓen wannan kwas bisa kuskuren fahimta. Yaro ya ci kemistiri a sakandare, malami ya yaba masa, sai ya ɗauka injiniyan sinadarai ci gaban darasin nan ne. Yana shiga jami'a sai ya tarar kemistirin kaɗan ne, abin da ya cika jadawalin lissafi ne da fiziks: yadda ruwa ke gudu cikin bututu, yadda zafi ke ratsa bango, yadda ake raba abubuwan da suka cakuɗe, da lissafin abin da ya shiga na'ura da abin da ya fita, wanda dole su yi daidai. Uwargidan da ta ƙware a tuwon mutum biyar ta san tuwon biki na mutum ɗari biyar wani aiki ne daban, don ƙasan tukunya na iya ƙonewa sama bai nuna ba, kuma muciyar gida ba za ta tuƙa shi ba. Wannan matsalar ta girma ita ce sana'ar gaba ɗaya. Saboda haka wanda lissafi ke ba shi ciwon kai ya yi tunani da kyau, ko da kuwa shi ne na ɗaya a kemistiri.

Kuskure na biyu na iyaye ne. Da an ce injiniyan sinadarai, sai ido ya tafi kan kamfanin mai da albashinsa. Gaskiya ne matatar mai gidan injiniyoyin sinadarai ce. Matatar Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2023, an gina ta ne don tace ganga 650,000 a rana, ga kamfanin takinsa na kusa da ita mai ƙarfin tan miliyan 3 na Yuriya a shekara. A Damagaram akwai matatar SORAZ tun 2011, mai ganga 20,000 a rana. Amma matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta shafe shekaru ba ta tace komai ba, kuma guraben aikin mai ba su kai yawan masu neman su ba, ko kusa. Wanda ya shiga kwas ɗin da wannan buri kaɗai, da wuya bai sha takaici ba.

Filin ya fi mai faɗi nesa ba kusa ba. Simintin Sakkwato da na Ashaka da na Malbaza, sukarin Numan, matatar ruwan sha ta Tamburawa, kamfanonin man gyaɗa da sabulu da fenti da robobi da magunguna, duk aikinsu ɗaya ne a tushe: a ɗauki ɗanyen kaya a sarrafa shi da yawa, a farashin da talaka zai iya saye. Akwai ma aikin da ke jiran mai yi. Majemun zamani na Challawa da Sharaɗa a Kano suna amfani da sinadarin kuromiyom wajen jeme fata, kuma tsabtace ruwan da ke fita daga cikinsu kafin ya shiga kogi aikin injiniyan sinadarai ne. Haka tumatirin da ke ruɓewa a Kadawa lokacin kaka. A ganina nan ne arewa ta fi bukatar su, ko da yake ba nan ne albashi ya fi tsoka ba.

Sana'ar tana da nauyin rai a kanta. A Disambar 1984 iska mai guba ta tsere daga wata masana'antar maganin ƙwari a Bhopal ta ƙasar Indiya, ta kashe dubban mutane a dare ɗaya, akasari talakawan da ke barci a unguwannin kewaye. Har yau ana koyar da wannan hatsari a azuzuwan injiniya. Mai gaggawa da mai "ba komai, a bar shi haka" ba su dace da wurin da sakaci da famfo ɗaya ke iya hallaka unguwa ba.

Hanyar shiga a Najeriya ba ɓoyayyiya ba ce. A jarrabawar JAMB ana ɗaukar Ingilishi da lissafi da fiziks da kemistiri, kuma ana bukatar kiredit a cikinsu a sakamakon sakandare. Karatun digirin shekara biyar ne, ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero a Kano, da Jami'ar Maiduguri, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da ta Fasaha a Minna, ga kuma difloma a Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Mata ma suna yi, kuma babu abin da ke cikinsa da ya fi ƙarfinsu. Bayan kammalawa da samun gogewar aiki, hukumar COREN ce ke yi wa mutum rajista kafin ya amsa sunan injiniya a hukumance.

A shekara ta huɗu ana tura ɗalibai aikin koyo na wata shida a masana'antu, wanda ake kira SIWES. Da yawa suna neman ofishin wani kawu inda za a sa musu hannu a littafi su koma gida. Ɗalibin da ya san abin da yake yi zai nemi inda injuna ke aiki da gaske, ko da ƙaramin kamfanin sabulu ne a Bompai, ya tsaya kusa da tsofaffin ma'aikatan da ke gane lafiyar tukunyar tururi daga ƙararta, ya yi ta tambaya har su gaji da shi. Masu ɗaukar aiki sukan fara tambaya ne daga waɗannan watanni shida.