Auna Matsayin Ɗa da na Mahaifinsa a Karkarar Arewacin Kano

A ƙasashen Ungogo, Minjibir da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, faɗin gona kaɗai ba ya nuna mana ko ɗa ya zarce mahaifinsa. Idan gandu ya watse, akan rarraba gonar gwargwadon yawan magada, har ɗan mawadaci mai 'yan'uwa takwas ya tashi da abin da bai kai rabon tilon ɗan talaka ba. Saboda haka muke ƙara ma'auni uku: watannin da hatsin rumbu ke ciyar da gida, sana'ar rani, da zurfin karatu tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Za mu ce dama ta daidaita ne idan sanin matsayin uba ya kasa bayyana mana makomar ɗansa.